Me ya sa dawakan faretin Ingila ba sa firgita?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda dawakan dogaran Sarkin Ingila ke tsayawa cak a tsakiyar ganguna da ihun jama'a. Amsar ita ce sabo, da haƙurin masu horarwa.

Cibiyar horar da dabbobin sojan Birtaniya tana garin Melton Mowbray, kuma a nan ake koyar da malaman hawa da maƙeran takalmin doki. Sabon doki sai ya saba da linzami da sirdi tukuna, sannan a riƙa gabatar masa da ƙarar ƙaho, tutoci da motocin Landan kaɗan-kaɗan, galibi a gefen tsohon doki mai natsuwa. Duk da haka doki dabba ce mai tsoro: a watan Afrilun 2024 ƙarar aikin gini ta razana wasu, suka zubar da mahayansu suka yi ta gudu cikin birnin Landan.

Ni aikin maƙeran ne ya fi burge ni. Kwalta na cinye takalmin ƙarfe, don haka bayan 'yan makonni ake sauya shi, a yanke kofato, a daidaita ƙarfen da zafinsa. Kuskure kaɗan sai doki ya fara ɗingishi. Idan ka kalli faretin zagayowar ranar haihuwar Sarki a watan Yuni, za ka hango maƙeran riƙe da gatari. A zamanin yaƙi da shi suke hutar da dokin da ya ji mummunan rauni, su sare kofaton da ke ɗauke da lambarsa a matsayin shaidar mutuwarsa.