Shin Ƙona Daji Ne Ke Hana Manoman Karen Cika Rumbu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin aikin gona ne, an ba mu aiki kan ƙabilar Karen da ke duwatsun arewacin Tailan. Na ga an ce gidaje da yawa shinkafarsu ba ta kai su wata kakar. Abin ya dame ni. Ba sassabe da ƙona dajin da suke yi ne ya kashe musu ƙasa ba? Me zai hana a tsayar da su a gona ɗaya?

Amsa: Ɗana, wannan "a tsayar da su wuri ɗaya" ita ce maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, kullum sai na ji ta, har daga bakin masu digiri. Alhali ita ke jawo yunwar.

Manomin Karen shekara ɗaya yake noma shinkafar tudu a fili, sai ya bar shi saura shekara 7 ko fiye. Ba ya tumɓuke kututture, yakan sare itace ya bar gindin ya yi toho. Toka ce takinsa, inuwar dajin da ya dawo kuma ita ke kashe masa ciyawa. Cikin shinkafar ga kabewa, ga gwaza, ga wake da barkono.

To, jami'in gandun daji ya zo ya ga saurar ta yi duhu, ya rubuta "daji", ya hana komawa. Dole manomi ya riƙa juyawa kan ɗan abin da ya rage bayan shekara 2 ko 3. Tofa ta mamaye, aikin noma ya ninka, amfani ya ragu. Daga nan dillalin masara ya kawo iri da taki bashi, kamar yadda aka yi a gundumar Mae Chaem da ke arewacin Tailan, mai rumbu ya koma awon shinkafa a kasuwa. Sannan a ce wai al'adarsa ce ta talauta shi!

A 2010 majalisar ministocin Tailan ta amince da wannan noma na juyi. A 2011 kuwa jami'an gandun dajin Kaeng Krachan, can yammacin ƙasar, suka ƙona gidaje da rumbunan Karen na ƙauyen Bang Kloi, a 2018 kuma babbar kotu ta yanke hukuncin ƙarshe cewa a biya diyya.

A aikinka, tambayi shekara nawa saura ke hutawa, wata nawa rumbu ke kaiwa, kuma ko gidan yana da fadamar shinkafa a kwari.