Ga 'yar'uwar da hujin saman kunnenta ya kumbura

Wayyo 'yar'uwa, sannu. Na ga kin ce kin ƙara huji a saman na yarinta, yanzu wurin ya kumbura yana ƙaiƙayi, kina tambaya ko ki cire ɗan kunnen ko ki ci gaba da sa sifirit. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don na sha wannan azabar.

Don Allah ajiye sifirit ɗin nan, har da Dettol. Busar da wurin suke yi, su ƙona sabuwar fatar da ke son tofowa. Ki je kyamis ki nemi ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, wanda aka rubuta 0.9% a jiki, ki riƙa wankewa safe da yamma bayan kin wanke hannu, ki bari ya bushe. Kuma ki daina juya ɗan kunnen, ko wa ya ce ki juya.

Amma ki taɓa wurin a hankali ki ji: a tsoka mai laushi yake, ko ya kama guringuntsi? Nawa a nan aka cuce ni. Matar da ta yi min a shagonta na kwalliya ta rantse tsoka ce, ashe ta haura sama. Da bindigar huda kunne ta yi, bindigar da a gabana ta harba wa wata yarinya, ta ɗan goge da auduga ta juyo kaina. Ɗan kunnen ma ta ce gwal ne, ta caje ni kuɗin gwal, sannan ta matse maɓallin bayan tamau. Da na koma mata kunne na ruwa, ko tashi daga kujera ba ta yi ba. Wai jinina ne ba kyau, in shafa man zafi. Man zafi a kan ciwo! Daren da abin ya kai maƙura ban runtsa ba, kunne ya yi jajir yana zafi kamar garwashi, yana bugawa har cikin kaina, ga zazzaɓi. Da asuba na duba madubi, maɓallin ya nutse cikin nama, babu shi. A asibiti sai da aka yi min allurar kashe zafi aka tsaga aka ciro, ina kuka mijina na riƙe da hannuna. Har yau idan na wuce shagon na ga yara na shiga, raina ɓaci yake yi. Ko sannu ba ta taɓa ce min ba.

Likita ya ce guringuntsi ba ya samun jini sosai, shi ya sa ƙwayar cuta ke saurin cinye shi, har kunne ya lanƙwashe. Tsoka kan warke a sati 6 zuwa 8, shi kuwa yakan kai wata 6 har shekara. To idan kin ga mugunya mai wari, ko jan yana bazuwa, ko zazzaɓi, tafi asibiti yau. Kar ki cire ɗan kunnen da kanki, hujin zai iya rufewa da mugunyar a ciki. Idan kuwa ƙaiƙayi ne kawai da ƙuraje, ƙila ƙarfen ne jikinki ba ya so, yawancin masu arhan nan akwai nikel a ciki. A canza miki da gwal na gaske ko titaniyom.

Ki sassauta ɗaurin ɗankwali, ki samu hijabin da ba ya matse kunne, kar ki kwanta ta ɓangaren. Wajen alwala shafa a hankali. Kitso ma a kiyaye, kar mai ya gangaro wurin.

Sannan a danginku akwai mai yin tsiro a tabo? Mu baƙar fata wannan tsiron, wato kiloyid, ya fi kama mu. In kin ga wani ƙullutu mai tauri yana girma, kar ki bari wanzami ya yanke, dawowa yake yi har ya fi da. Likitan fata allura yake yi a cikinsa.

Ni fa har gwajin ciwon hanta na B na je na yi saboda bindigar nan, alhamdulillahi ba komai. Ke ma in da ita aka yi miki, ki faɗa wa likita. Turo mana hoton gaba da bayan kunnen, mu ga ko maɓallin ya fara nutsewa. Allah ya ba ki lafiya.