Me Ya Sa Shagunan Abokan Cinikina Suka Taru Wuri Ɗaya A Taswira?

Tambaya: Ina raba kayan masarufi ga shaguna a Kano. Na zuba adireshinsu a manhajar CRM, wato ta adana bayanan abokan ciniki, amma da na buɗe taswira sai na ga kusan duka sun cunkushe a tsakiyar gari. Ina matsalar take? Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

Amsa: Alhaji, adireshin ne bai ishi manhajar ba. Tana mai da rubutu ne zuwa lambobi biyu masu nuna wuri a taswira, latitud da longitud. In ta ga "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi", sai ta riƙi sunan garin kawai, ta dasa alamar a tsakiya. Ga kuma Sabon Gari, da akwai a Kano, akwai a Zariya.

Maganinsa, ka buɗe gurabe biyu na waɗannan lambobi a manhajar. Yaronka in ya kai kaya, ya tsaya ƙofar shagon, ya danna wurin a Google Maps ya riƙe, ya kwafo lambobin. Ya bar alƙaluma biyar bayan ɗigo, kuskuren da yanke sauran zai jawo bai wuce kamar mita ɗaya ba.

A kula da jeri, latitud ne farko. Kano tana wajen 12.0 da 8.5; in aka juya su, shagon zai ɓulla can wajen Ganye a Adamawa. Gurbin da ya koma 0 da 0 kuwa, cikin tekun Gini zai faɗa.

In manhajarka ba ta da taswira, fitar da bayanan a fayil ɗin CSV, wato na jadawalin bayanai, ka loda a Google My Maps, inda mutum ke haɗa taswirarsa. Kowane shafi (layer) na taswirar yana ɗaukar layin bayanai har 2,000. Kada dai ka buɗe wa kowa mahaɗin taswirar, lambobin wayar mutane na ciki.