Tambaya da Amsa: An Ce Mu Kawo Kuɗin Fom Kafin a Ba Mu Tallafin Noma

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin rani ne a gefen Bukuru, ina noman kabeji da karas da ɗan dankalin turawa a bakin wani tsohon kududdufin kuza. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, injin ban ruwa ke cinye ribata. Kwanan nan wani ya zo unguwarmu ya ce akwai tallafin manoma, kowa ya kawo kuɗin fom. Da gaske akwai irin wannan tallafi? In akwai, ta ina ake bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Tallafi akwai shi, amma shirin gaskiya ba ya turo mutum unguwa ya tara kuɗi a aljihunsa. Ka tambaye shi sunan shirin, sannan ka je hedikwatar hukumar bunƙasa noma ta jihar Filato, PADP, da ke Dogon Dutse, ka ji ko sun san da maganar. Kuɗin motar ba zai kai na fom ɗin ba.

Yawancin ƙananan tallafi ta hannun ƙungiya suke zuwa. Haka shirin Fadama na Bankin Duniya ya yi aiki shekara da shekaru, haka ma NG-CARES, shirin tallafin farfaɗowa daga annobar korona da aka fara a 2021, wanda ɓangarensa na noma ya bi ta ofisoshin Fadama na jihohi. Ku haɗa kanku ku da ke shan ruwan kududdufi ɗaya, ku yi rajistar ƙungiyar gama kai, ku buɗe asusun banki da sunanta, kowa ya tanadi NIN da BVN. Wani lokaci za a nemi ku sa naku kason, amma a asusun ƙungiya yake shiga, da rasit.

Kafin ka sa hannu kuma, ka tambaya ƙarara: kyauta ce ko bashi? Shirin Anchor Borrowers da Babban Banki ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 bashi ne, amma manoma da dama sun ɗauka rabon gwamnati ne, sai da lokacin biya ya zo hankali ya tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kuɗin ke tafiya in ya zo. Na sha ganin ƙungiya ta samu tallafi ta zuba shi duka a taki. Takin ya yi aiki kam, amma kaka ɗaya ya ƙare, sai a koma gidan jiya. Kai ciwonka fetur ne, to can za ka dosa. Famfon sola ɗaya da mutum huɗu ko biyar za su riƙa karɓa-karɓa ya fi mini buhunan taki, don duk safiya yana rage maka kashe kuɗi, ko da ranar kabeji ya faɗi a kasuwar Farin Gada. Sai dai yana son kula. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfinsa in ba a goge farantan ba, kuma da rana kawai yake aiki, don haka ku sa tanki a lissafi. Ku yanke tun farko wanda zai riƙa ajiye shi da dare, saboda ɓarayi.

Dankali kuwa, kar ka raina maganar iri. Cutar ƙonewar ganye da ta afka wa gonakin Filato a daminar 2022 ta durƙusar da manoma a Bokkos da Mangu, kuma irin da aka maimaita shuka shi shekaru yana tara cuta ya rage yabanya. In wani abu ya saura, ku nemi tsaftataccen iri ta hannun tashar binciken dankali da ke Kuru, ku gina ɗan ɗakin ajiyar iri mai shan iska da haske, ba rana kai tsaye ba. Da katako da kwano ake yinsa, kafintan unguwa ma zai iya.