Kafin ka ci bashin mota, leƙa kwandon shararka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne, shekarata tara a Landan. Ni da wani abokina ɗan Kolambiya muka buɗe rumfar abinci a wata kasuwar ƙarshen mako a kudancin birnin, daga baya ya koma ƙasarsu na saye kasonsa. Ina sayar da gasasshiyar kaza mai yaji da ake kira jerk da patty (fulawa mai nama a ciki) irin na Jamaika, da arepa (wainar masara) da empanada (soyayyen ƙullin masara mai nama a ciki) na Kolambiya, da abin sha kala shida, duk halal. Asabar da Lahadi nakan yi cinikin fam 1,500, layi ba ya yankewa, amma wata ya ƙare ban ga komai a hannu ba. Na ga yadda masu motar abinci ke kwasar kuɗi a bikin Notting Hill, babban bikin titi na 'yan Karibiyan a nan Landan, shi ne nake son in ranci fam 18,000 in sayi tawa. Rubutu kam ba na yi, komai yana kaina. Abin da ya yi saura ran Lahadi mukan raba ko mu zubar. Wace shawara za ka ba ni kan motar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanina, maganar mota mu jingine ta tukuna. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne "komai yana kaina", sai kuma "mukan raba ko mu zubar". Ka faɗe su kamar ba komai ba, alhali nan kuɗinka suke tafiya. Mutumin da ke cinikin kusan fam 6,000 a wata bai ga ko sisi ba, ba ƙarancin masu saye ke damunsa ba. Tulunsa ne ke yoyo, shi kuma yana neman a ƙaro masa ruwa.

Na tabbata in na tsare ka yanzu na ce nawa kofi ɗaya na lemon lulo, ɗan itacen nan mai tsami na Kolambiya, yake tsaya maka, da kuɗin kofin da murfinsa da ƙanƙara da sukari, za ka yi shiru. In na ce kaza nawa ka gasa Lahadin da ta wuce, nawa aka saya, nawa yaranka suka tafi da su gida, za ka ce "ba su da yawa". Wannan "ba su da yawa" ɗin ta rufe shaguna fiye da gobara.

Kayan da kake sayarwa kashi biyu ne, kai kuma ka zuba su a tukunya ɗaya. Akwai masu haƙuri. Abin shan da mutanen Jamaika ke kira sorrel, wanda suke ji da shi lokacin Kirsimeti, zoɓonmu ne da citta, su dai sukan ɗiga masa barasa, kai ba ka sawa. Busasshen zoɓo yakan yi watanni a buhu bai ce uffan ba. Aguapanela ta Kolambiya mazarƙwaila ce aka narka a ruwa aka matsa lemon tsami, ita ma curinta ba ya lalacewa da wuri. Garin masarar da ake yin arepa yana zama a leda, patty kuma ana daskarar da shi a firji a gasa daidai buƙata. Sai kuma marasa haƙuri: lulo, da guanabana mai farin ɓargo kamar gwandar masar, da maracuya (passion fruit), da mangwaro. Waɗannan sun ƙetaro teku ne kafin su zo hannunka, ka biya kuɗin jirginsu a cikin farashi, kuma tun ranar da ka ɗauko su suke ƙirga kwanakinsu. Kai kuwa kwana biyu kawai kake buɗewa a mako. Wanda bai shige ran Lahadi ba, ba zai jira ka har Asabar ba.

Mu yi lissafi a tsaye. A ce kana sayen ɗanyun 'ya'yan itace na fam 200 duk Juma'a, sulusinsu ya tafi shara. Fam 65 ke nan a mako, sama da fam 3,000 a shekara. Ƙara da kazar da aka riga aka jiƙa da yajin pimento da attarugu aka ɗora a wuta, wadda ba ta komawa ɗanya. Ƙara da empanadar da aka soya da yawa da rana tsaka saboda an ga layi, ta huce ta yi tauri. Ƙila asarar ta ninka abin da na faɗa, ƙila ba ta kai ba. Ni ban sani ba, kai ma da ke da rumfar ba ka sani ba, kuma wannan shi ne laifin naka.

Shekarun baya na duba wa wata baiwar Allah 'yar Ghana harkarta, tana sayar da abincin Jamaika a wajen unguwar Peckham. Abin alfaharinta shi ne ackee, wani ɗan itace da ake dafawa, da busasshen kifi mai gishiri, abincin da Jamaika ke tinƙaho da shi. Kullum shi ke fara ƙarewa, ita kuma tana murna. Da na matsa mata muka zauna da biro, muka raba kuɗin gwangwanin ackee da na kifin a kan faranti nawa suke fitarwa, sai ga shi kowane faranti da ta miƙa, daga aljihunta take cikawa. Zoɓon da take raina wa, wanda wani lokacin kyauta take ba abokan ciniki, shi ke biyan hayar wurin. Shekara biyu tana kallon kitse a rogo. Da ta ga alƙaluman sai da ta yi ƙwalla, ta ce ita fa ta san kayanta. Irin maganar da kai ma ka faɗa ke nan.

To, motar. Fam 18,000 in za ka biya cikin shekara uku, fam 500 ne duk wata tun kafin a yi maganar ruwa, da inshora, da wurin ajiye ta, da gyara. Daga wace riba za ka cire? Bikin Notting Hill kwana biyu ne a shekara, Lahadi da Litinin na ƙarshen Agusta, sai da izinin hukuma ake kafa rumfa, kuma za ka tarar da mutanen da iyayensu da kakanninsu ke gasa jerk a rabin durom tun kafin a haife ka. Ka ga layinsu, ba ka ga littafinsu ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuma wane mai ba da rance ne zai saurari "komai yana kaina"? Ko hukumar harajin Birtaniya tana wajabta wa mai sana'ar kansa ya adana bayanan cinikinsa na aƙalla shekara biyar. Ranar da suka tambaya, ba kanka za ka miƙa musu ba.

Ga abin da nake so ka yi, ba sai ka sayi kwamfuta ba. Littafi ɗaya na 'yan makaranta. Duk Juma'a ka rubuta abin da ka sayo da kuɗinsa, ka liƙa rasit. Ran Lahadi da yamma, kafin kowa ya taɓa ragowa, ka ƙirga ta da hannunka: cinyar kaza nawa, arepa nawa, lita nawa na kowane lemo. Wanda aka ba yara ma a rubuta, sadaka ce mai kyau amma ka san nawa kake bayarwa. Kuɗin cefanen gidanka kuma su daina fitowa daga akwatin ciniki ba rubutu.

Tun kafin littafin ya yi magana, ka shiga shagunan 'yan Kolambiya na unguwar Elephant and Castle ka duba firjinsu. Za ka ga ɓargon lulo da guanabana da maracuya a daskare cikin leda. Su da suka girma da abin, da shi suke haɗa lemonsu a nan, kai ne kake fama da ɗanye don a ce naka sabo ne. Ka koma wannan, ka narkar da daidai abin da za ka sayar. Abin sha shida kuma ina zaton uku za su rage in an yi tankaɗe, amma ba zan yanke ba sai na gani.

Ka cika mako shida kana rubutawa, ba tsallake ko ɗaya, har makon da aka yi ruwa kasuwa ta mutu. Sannan ka ɗauki hoton shafukan ka turo mini.