Tambaya da Amsa: Akwai Haraji a Kan Kuɗin Sulhun da Kamfani Ya Karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna da kamfanin sufuri a Agege wanda ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Arewa. Motar wani kamfani ta daki tirelarmu, ta shafe watanni a gareji ba ta aiki. Mun shigar da ƙara, daga baya aka sasanta a wajen kotu, suka biya mu naira miliyan 40 a dunƙule. Akantanmu ya ce dole a saka kuɗin cikin abin da za a biya wa haraji, ni kuwa ina ganin diyya ce, ba ciniki muka yi ba. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akantanku ya fi kusa da gaskiya, ko da yake maganar tasa tana buƙatar tsefewa. Hukumar haraji ba ta tsayawa kan sunan da aka laƙaba wa kuɗi, abin da take bincika shi ne gurbin me kuɗin suka cike. Idan sun maye ribar da kamfani zai samu da ba a yi masa ɓarna ba, to haraji ya hau kansu kamar yadda zai hau kan ribar kanta. Idan kuwa sun maye kadarar da ta salwanta, wata ƙa'idar ake bi.

Kotunan Najeriya kan jingina da tsofaffin hukunce-hukuncen Ingila a wannan batu, kuma akwai wanda ya yi kama da naku ƙwarai. A shekarun 1960 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta duba shari'ar kamfanin London and Thames Haven, wanda wani jirgin dakon mai ya lalata wa wurin sauke kaya. Diyyar ta ƙunshi kuɗin gyara da kuma kuɗin kwanakin da wurin ya yi ba ya aiki, sai kotu ta ce wannan kaso na biyu kuɗin shiga ne na kasuwanci, domin da wurin na aiki da kamfanin ya samu kuɗin kuma ya biya musu haraji.

Ku auna miliyan 40 ɗinku da wannan ma'auni. Abin da aka ba ku saboda lodin da kuka rasa tsakanin Apapa da Kano kuɗin shiga ne tsantsa. Abin da aka ba ku na gyara kuma, in har kun riga kun cire kuɗin bakanike da na kayan gyara daga ribarku, dole ya dawo cikin lissafi, don ba a cin rangwame a kan kuɗin da wani ya mayar. Haka kuɗin lauya da aka biya ku, haka kuɗin ruwa idan an ɗora saboda jinkiri. Da a ce tirelar ta mutu murus aka biya ku kuɗinta, da doka ta ɗauka tamkar kun sayar da ita ne, a duba ko an samu riba a kan kadarar. A da harajin wannan riba kashi 10 ne cikin 100, amma Dokar Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta daidaita shi da harajin ribar kamfanoni, wato kashi 30 ga waɗanda ba ƙananan kamfanoni ba. Saboda haka shekarar da kuɗin suka shiga lissafinku tana da tasiri.

Sassaucin da mutane suke ji cewa diyya ba ta da haraji ya shafi mutumin da aka yi wa rauni a jikinsa ko aka ɓata masa suna, kamfani ba ya fakewa da shi.

Inda na fi ganin rauni a lamarinku shi ne karɓar kuɗin a dunƙule. Lauyoyi da yawa sukan mai da hankali kan jimillar da za su ƙwato, su bar takardar sulhu ba ta faɗi nawa ne na gyara, nawa ne na ribar da aka rasa ba, kuma a irin haka jami'in haraji kan ɗauki kuɗin gaba ɗaya a matsayin kuɗin shiga, ya bar wa kamfani nauyin kawo hujja. Ku tattara takardar ƙarar da kuka shigar, wadda galibi take zayyana abin da aka nema ɗaya bayan ɗaya, da rasit na gareji, da takardun lodin watannin da suka gabaci haɗarin, akanta ya kasa kuɗin bisa su. Hukumar haraji ta tarayya ce za ku gabatar wa, wato FIRS da yanzu ta koma NRS, ba ta Jihar Legas ba, cikin watanni 6 bayan rufe shekarar lissafinku. Idan ta ƙi amincewa da rabon, kuna da damar rubuta ƙorafi, sannan ku ɗaukaka zuwa kotun sauraron ƙararrakin haraji, wadda take da zama a nan Legas.