Me ya sa hotona ke yin yashi-yashi in gari ya yi lumshi?

Tambaya: Malam, in akwai rana hotunana tas suke fita. Amma ranar da hadari ya rufe sama sai fuskokin mutane su yi yashi-yashi, har da ɗige-ɗigen ja da kore a wurare masu duhu. An ce min ISO ne, wato lambar da ke ɗaga hasken hoto a kyamara, na mayar da shi 100, hoton ya yi duhu. Da na haska shi a kwamfuta sai abin ya fi na da muni. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya ɗora wa ISO laifi rabin magana ya gaya maka. Tushen matsalar ƙarancin haske ne. Ka dubi ƙasa lokacin da aka fara yayyafi: nan ɗigo, can ɗigo, wani wurin a bushe. In ruwa ya kece kuwa, ko'ina sai ya jiƙe bai ɗaya. Haka haske yake sauka a kan sensar kyamara, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikinta, ƙwaya-ƙwaya. In ya yi kaɗan, wani wurin ya samu da yawa, na kusa da shi ya samu ƙasa da haka, wannan rashin daidaiton shi ne yashin da kake gani. Lissafinsa ma sananne ne: sai ka ninka hasken sau 4 kafin yashin ya ragu da rabi.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ido yana sabawa da lumshi nan take, sai ka ga kamar gari da haske. Tun zamanin fim masu ɗaukar hoto suna da ƙa'ida: hoton da za ka ɗauka a f/16 cikin tsakar rana (lambar f ita ce ma'aunin ƙofar hasken kyamara, in ta yi ƙasa ƙofar ta fi faɗi), in an yi lumshi f/8 yake so, in hadarin ya yi kauri f/5.6. Wato hasken ya koma kashi ɗaya cikin 4, ko ma cikin 8.

ISO kuma kamar maɓallin ƙara muryar rediyo ne. Ba ya ƙara ƙarfin tasha, abin da ya shigo yake ɗagawa, har da shuuu ɗin da ke ciki. Da ka saukar da shi ba tare da ka ƙara haske ba, ba ka cire komai ba. A kyamarori da yawa ma, haska hoto mai duhu daga baya ya fi ɗaga ISO tun farko fito da ƙazanta.

Don haka ka fara da ƙofar haske: buɗe ta zuwa f/2.8 ko f/4, gwargwadon abin da gilashinka ya kai. Sannan ka tsawaita lokacin da take buɗe. Mutumin da ke tsaye cak 1/125 na daƙiƙa ya ishe shi, yaro mai guje-guje sai wajen 1/500. In da hannu kake riƙe da gilashi mai milimita 50, kada ka sauka ƙasa da 1/50. Bayan wannan, ka bar ISO ya hau 400 ko 800 ba tare da fargaba ba. Ni dai na gwammace hoto mai ɗan yashi da wanda ya yi dishi-dishi saboda rawar hannu, domin na farko yana gyaruwa.

Akwai wani tarkon da na ga yana kama har ƙwararru. Sararin sama mai gajimare fari ne fat, kyamara in ta gan shi sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuska ta faɗa cikin duhu. Mai duhun fata ya fi cutuwa a nan. Ka rage sama a cikin hoton, ka ƙara hasken zuwa +0.7 ko +1, ka juya mutumin ya fuskanci ɓangaren da sama ta fi washewa. Fito da shi daga ƙarƙashin bishiya. Farin ƙyalle ko farin kwali da wani zai riƙe ƙasa da haɓarsa yana mayar da haske kan fuska fiye da yadda kake zato.

Tambaya: Ni waya kawai nake da ita, kuma hoton ya fi lalacewa in na jawo abu kusa. Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ki daina jawowa, ki taka da ƙafarki. Babbar kyamarar waya, wadda aka rubuta wa 1x, ita ce mai babbar sensa da ƙofa mafi faɗi. Ta jawo nesa yawanci ƙarama ce, kuma in haske ya yi kaɗan wasu wayoyin ba sa ma amfani da ita, yanko tsakiyar hoton babbar suke yi su faɗaɗa. Ki goge gilashin, ki taɓa fuskar a kan allo don wayar ta auna haske daga nan, ki ja alamar ranar sama kaɗan. In hadarin ya yi duhu sosai ki kunna tsarin ɗaukar dare, ko da rana ce. Hotuna da yawa yake ɗauka a jere ya haɗe su, yashin ya ragu. Sharaɗinsa ki jingina hannunki da wani abu, wanda ake ɗauka kuma ya tsaya na ɗan lokaci.

Tambaya: Waɗanda na riga na ɗauka fa, suna gyaruwa?

Amsa: Suna gyaruwa, Malam, musamman in a RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin hoto, tunda JPEG, wato fayil ɗin da aka saba, kyamara ta riga ta matse shi. Yashin iri biyu ne. Na launi, wato ja da koren nan, cire shi gaba ɗaya, ba ka asarar abu mai yawa. Na haske kuwa a hankali, don in ka cika hannu fata za ta koma kamar roba, gashi da zaren tufafi su shafe. Ka buɗe hoton a girman 100% kana gyaran. Kada ka ƙara masa kaifi sai a ƙarshe, shi ma a gefen abubuwa kawai, domin kaifi yana ƙara fito da yashi a sama da kumatu. Manhajar gyaran hoto ta Lightroom ta samu Denoise, wato mai cire yashi, a 2023, mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, kuma yana ceto hotuna da dama, sai dai ka duba idanu da rubutu bayan ya gama. In za ka tura wa mai hoton ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, don kada matsewar manhajar ta mayar da sauran yashin dabbare-dabbare.